Yadda Ake Auna Lantarkin Tsokar Kafaɗar Ma'aikaci a Bakin Aikinsa

Duk lokacin da tsoka ta ɗaure, tana fitar da ɗan lantarki da ake iya tsinta a saman fata. Awon wannan lantarki shi ake kira EMG. Masu binciken lafiyar ma'aikata sun daɗe suna amfani da shi don gano abin da ke sa mai ɗinki, mai aikin kwamfuta ko mai haɗa kaya a masana'anta ya kwana da ciwon wuya alhali bai ɗaga wani abu mai nauyi ba. Zan yi bayanin tsoka guda ɗaya, wadda ta gangaro daga wuya zuwa saman kafaɗa, da likitoci ke kira tirafiziyus. Wanda ya iya awonta, sauran tsokoki ba za su ba shi wuya ba.

Siginar da kake nema ƙarama ce ƙwarai. Idan mutum ya ɗaure tsokar iya ƙarfinsa, ba ta cika wuce milibolt kaɗan ba, kuma milibolt 1,000 ne ke yin bolt ɗaya. A aikin zaune kuwa, sau da yawa 'yan maikirobolt ne, kuma maikirobolt miliyan ɗaya ne ke yin bolt ɗaya. Wayar da ke cikin bangon ɗakin tana ɗauke da bolt 230 ko 120. Ke nan yawancin wahalar aikin ta hana hayaniyar lantarkin waje ta binne abin da kake nema ce, kuma ana yin ta ne kafin a fara naɗin bayanai.

Kayan aiki

Na'urar EMG mai aiki da batir, wadda za a iya ɗaura wa ma'aikaci a ƙugu, ko ƙananan marasa waya da ake liƙawa a fata. Duba takardarta ka tabbatar da abu 3: tana ɗaukar samfuri, wato tana karanta siginar, aƙalla sau 1,000 a daƙiƙa, adadin da aka rubuta a gaban CMRR, wato ƙarfinta na kawar da hayaniya, ya kai dB 90 ko fiye, kuma an ƙera ta bisa ƙa'idar IEC 60601-1 ta kayan lantarkin da ke taɓa jikin mutum.

Ilektirod masu liƙewa na azurfa, wato 'yan fayafayan da ake mannawa a fata su ɗauko siginar, waɗanda ake rubuta Ag/AgCl a jikin ledarsu, masu jiƙaƙƙen man lantarki a tsakiya. Faɗin ƙarfen kada ya wuce milimita 10. Idan babu na EMG, na awon zuciyar yara suna yi, sai ka rage gefen roban da almakashi don su matsu kusa da juna. Na manya sun cika faɗi. Duba ranar lalacewa, kuma ledar da aka buɗe aka bari ta sha iska, man da ke ciki ya bushe, jefar da ita.

Sai reza sabuwa ga kowane mutum, auduga, sifirit, man goge fata mai ɗan kaushi ko bandeji busasshe, tef ɗin awo irin na tela, maka mai rubutu a fata, filasta, ɗamara mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa, kujera marar taya, agogo, kyamarar bidiyo ko wayar hannu, da littafin rubutu. Idan akwai na'urar gwada turjiyar fata, wato yadda fatar ke tare lantarki, to madalla.

1. Nemi yardar mutumin, ka cire masa tsoro

Bincike a kan ɗan Adam ba ya farawa sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar wanda za a auna a rubuce, kamar yadda Sanarwar Helsinki ta shimfiɗa, wato ƙa'idojin binciken lafiya da aka fara fitarwa a 1964 aka kuma sabunta su daga baya. A wurin aiki akwai ƙarin abu: ma'aikaci yakan ɗauka shugabanninsa ne suka turo ka ka gano ko malalaci ne. Faɗa masa ƙarara cewa sakamakonsa ba zai je hannun kowa da sunansa ba, kuma yana iya cewa a'a ba tare da wani abu ya same shi ba. Ka kuma nuna masa cewa na'urar ba ta sa masa wuta, saurare kawai take yi. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Tsokar kafaɗa tana ɗaurewa idan mutum yana cikin fargaba, don haka mai tsoro zai ba ka adadin da ba na aikinsa ba.

Tambaye shi ko filasta na sa masa ƙaiƙayi, ka duba ko akwai ciwo ko ƙuraje a wurin. Tambaye shi kuma wa ya fi so ya liƙa masa kayan, mace ko namiji, kuma a yi a keɓe.

2. Nemo wurin liƙawa

Zaunar da shi a miƙe, hannuwa a sake. Ce masa ya sunkuyar da kai. Ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya shi ne na 7 cikin ƙasusuwan wuya, wanda ake rubutawa C7. Sa masa ɗigo. Sai ka bi saman kafaɗa da yatsa har inda ƙashi ya ƙare a ƙololuwarta, ka sa wani ɗigon. Ya ɗago kai, sannan ka ja layi tsakanin ɗigon biyu ka auna tsawonsa ka rubuta.

Shirin SENIAM, wanda masanan Turai suka gudanar daga 1996 zuwa 1999 don daidaita yadda ake wannan awo, ya ce a liƙa a tsakiyar layin. Masu binciken ma'aikata da yawa kuwa suna matsawa santimita 2 daga tsakiya zuwa wajen kafaɗa, kuma ni ma nan nake liƙawa. Dalilin shi ne kusa da tsakiyar ne jijiyar saƙo ke shiga tsokar, daga nan lantarkin ke rabuwa ya tafi gefe biyu. Ilektirod biyu ne ke ɗaukar siginar, don haka idan ɗaya yana wannan gefe, ɗayan yana wancan, sai su ga kusan abu iri ɗaya, na'urar ta debe ɗaya daga ɗaya, sigina ta fito ƙarama. Abin da ya fi muni, ɗan motsin fata kaɗan sai ya sauya adadin sosai. Ko wanne ka zaɓa, yi wa kowa iri ɗaya, ka rubuta a rahotonka.

3. Gyara fata

Nan ne masu koyo suka fi yin gaggawa, nan ne kuma awon yake gyaruwa ko ya lalace. Saman fata matacce ne, ga maiƙo, ga man shafawa, duk suna tare lantarki. Aske gashin wurin idan akwai. Goge da man mai kaushi ko busasshen bandeji, sannan da sifirit, ka bari ya bushe sarai. Ba a gogewa har fata ta sale. A fata mai haske za ka ga ta ɗan yi ja, amma a baƙar fata kada ka jira wannan alama, don ba lallai ta bayyana ba. Duba audugar: idan ta daina ɗauko datti kuma fatar ta daina ƙyallin mai, ya isa.

Sifirit kaɗai ba ya wadatarwa. Yana cire maiƙo amma yana busar da fata, ya bar mataccen saman nan daram.

Ga abin da ya sa wannan ya zama dole. Jikin mutum yana tara hayaniyar wayoyin da ke kewaye da shi. Na'urar tana kawar da ita ne ta hanyar debe abin da ilektirod biyun suka gani tare, ta bar bambancinsu. Dabarar tana aiki ne kawai idan biyun sun kama fata daidai wa daida. Idan ɗaya ya zauna a kan tsaftatacciyar fata, ɗayan a kan gashi, hayaniyar ba za ta iso su daidai ba, ragowar ta shiga cikin bayananka a matsayin aikin tsoka. Tsadar na'ura ba ta maganin wannan.

4. Liƙa, ka ɗaure wayoyi

Ilektirod biyun su bi layin da ka ja, santimita 2 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Danna gefen roban, kada ka danna tsakiya, don kada man ya malalo ya haɗa su biyun. Idan ya haɗa su, sigina za ta mutu ko ta ragu sosai. Akwai kuma ilektirod na uku, wato na madogara, wanda ke ba na'urar tushen kwatance. Shi ya zauna a kan ƙashi inda babu tsoka, a kan C7 ɗin ko a ƙashin wuyan hannu.

Murɗa wayoyin biyu su nannaɗe juna kamar tufkar igiya. Duk gibin da ke tsakaninsu ƙofa ce ga maganaɗisun injuna da taransifoma, kuma gwargwadon faɗin gibin gwargwadon hayaniyar da zai kwaso. Lanƙwasa wayar kaɗan kusa da ilektirod ka danne da filasta, yadda idan an fizgi waya filastar za ta ɗauki fizgar. Ce masa ya ɗaga hannu sama, ya miƙa gaba, ya juya kai, ka ga ko akwai inda ke ja. Duba kuma kada wuyan riga, igiyar jaka ko ɗamarar kayan kariya ta riƙa gugar wurin.

Jira kamar minti 5 man ya ratsa fata. Idan kana da na'urar gwada turjiya, nemi ƙasa da kilo-om 10, biyun kuma su yi kusa da juna. Kada ka gwada da mitar masu gyaran lantarki, ba don wannan aka yi ta ba, adadin da za ta ba ka ba abin dogaro ba ne. Idan babu na'urar, mataki na gaba zai faɗa maka gaskiya.

5. Naɗi hutu

Ya zauna ya jingina, hannuwa a kan cinya, ya saki jiki, ya yi shiru na daƙiƙa 30. Kalli allon. Layin ya kamata ya kwanta siriri, ƙasa da maikirobolt 5, in ma da hali 2 ko 3.

Ga lissafin da zai nuna maka muhimmancin wannan. A ce iyakar ƙarfin mutumin ya ba da maikirobolt 1,000. Mizanin da aka saba amfani da shi wajen cewa tsoka ta huta shi ne rabin kashi ɗaya cikin 100 na wannan, wato maikirobolt 5. Idan hayaniyarka kaɗai ta kai 8, bayananka za su ce tsokar ba ta huta ba ko sau ɗaya a yinin, ko da mutumin barci ya yi.

Idan layin ya yi kauri, gano irin hayaniyar. Wadda take a tsare, ba ta sauyawa, ta wutar bango ce. Buɗe hoton mitoci, wato wanda ke nuna sau nawa sigina ke kaɗawa a daƙiƙa, za ka ga tsini a Hz 50, wato sau 50 a daƙiƙa, wani lokaci da 100 da 150. Haka yake a Afirka, Turai da yawancin Asiya, a Amurka kuwa 60 ne da 120 da 180. Fara da duba ilektirod na madogara, shi ne ya fi yawan laifi. Sannan cire kwamfutar daga caji. Wannan ma ƙa'idar tsaro ce: muddin akwai waya tsakanin mutum da kwamfuta, kada kwamfutar ta kasance a jikin soket, sai in akwai na'urar keɓewa ta asibiti a tsakani. Idan ba ta tafi ba, cire ilektirod ɗin ka sake gyara fata da sababbi.

Idan ka ga ɗan tsini yana dawowa kusan sau ɗaya kowace daƙiƙa, bugun zuciya ne, kuma ya fi fitowa a kafaɗar hagu. Wannan ba laifinka ba ne, za a rage shi wajen tacewa. Idan layin yana lilo a hankali sama da ƙasa, waya ce ke motsi ko ilektirod ya ɗago.

Akwai matatar da ke yanke Hz 50 kai tsaye, kuma kusan kowace manhaja na da maɓallinta. Kada ka fara da ita. Mafi yawan ƙarfin siginar tsoka yana tsakanin Hz 50 ne da 150, don haka tana yanke hayaniya har da wani ɓangare na abin da ka zo nema. A ajiye ta sai an rasa yadda za a yi.

6. Ɗauki ma'aunin kwatance

Maikirobolt 40 a jikin wani ba daidai yake da 40 a jikin wani ba. Kitsen da ke ƙarƙashin fata yana rage sigina, haka ma ɗan bambancin wurin liƙawa. Shi ya sa ake mayar da kowane adadi kashi cikin 100 na abin da tsokar mutumin da kansa ta bayar a wani gwaji sananne.

Hanya ta farko ita ce iyakar ƙarfi, wadda ake taƙaitawa MVC. Ya zauna a kujera marar taya, ya ɗaga hannu gefe har ya yi daidai da kafaɗa. Ɗaura ɗamara a ɗan saman gwiwar hannu, ɗayan bakin a ɗaure a ƙasa ko a gindin kujerar. Ya tura sama a hankali har ya kai iyakarsa cikin daƙiƙa 2, ya riƙe daƙiƙa 3, ya saki. Sau 3, da hutun minti 2 a tsakani, ka ɗauki mafi girma. Ƙarfafa masa gwiwa da baki, amma kalmomi iri ɗaya ga kowa. Kada ka tare da hannunka a maimakon ɗamara, mai ƙarfi zai ɗaga ka. Kula kada ya karkata jiki ko ya fizga.

Mai ciwon kafaɗa ba zai ba ka iyakar ƙarfinsa ba, ba kuma daidai ba ne ka matsa masa. Idan ka yi amfani da abin da ya bayar, aikinsa zai fito kamar ya fi na kowa nauyi, saboda ka raba da ƙaramin adadi. A nan sai hanya ta biyu: ya miƙa hannuwa biyu gefe daidai kafaɗa, ba ya riƙe da komai, bayan hannu na kallon sama, na daƙiƙa 15, sau 3 ko 4 da hutun minti ɗaya. Ɗauki matsakaicin daƙiƙa 10 na tsakiya. A ganina, in lafiyar mutum ta ba da dama, yi duka biyun, minti kaɗan ne ƙari.

7. Naɗi aikin

Koma da shi ainihin wurin aikinsa, ka sake naɗar hutun daƙiƙa 30 a nan, injuna na aiki. Ɗakin da ka shirya shi shiru ne, amma kusa da injin walda, manyan injunan lantarki masu juyawa, na'urorin sauya gudun inji ko taransifoma labari ya bambanta. A wajen walda musamman, hayaniyar na zuwa ne lokacin da wuta ta kama, wato daidai lokacin da tsokar ke aiki, don haka da wuya a rarrabe su. Gwada haka: ya tsaya a wurin a sake, wani ya yi waldar kusa da shi, ka ga abin da ya bayyana a allon.

Kunna kyamara, ka ce ya ɗaga kafaɗa sau 3 da sauri a gabanta. Tsinin nan 3 ne za su haɗa maka bidiyo da sigina daga baya. Sannan ka ja da baya. Mintunan farko mutum yakan zauna a miƙe fiye da al'adarsa saboda ya san ana kallonsa, don haka kada ka dogara da su.

Awon minti 10 ba ya wakiltar yini. In batir da haƙurin ma'aikaci za su kai, naɗi aikin yinin duka har da lokacin hutu. In ba za su kai ba, gara gajerun naɗi a lokuta daban-daban da dogo guda. Rubuta lokacin da ya sauya aiki, ya tashi, ko ya tsaya magana. Leƙa siginar lokaci-lokaci, musamman inda ake zafi, don gumi na ɗaga filasta kuma yana iya haɗa ilektirod biyun.

Kafin ka cire komai, maimaita gwajin miƙa hannuwan nan. Idan ya yi nesa da na safe, wani abu ya gusa a hanya, sai ka bi bayanan ka nemo inda ya faru.

8. Tace, ka lissafa

Ajiye asalin fayil ɗin a gefe, ka yi aiki da kwafi. Fara da kallon siginar da idonka daga farko zuwa ƙarshe, ka yi wa wuraren da waya ta fizgu alama ka fitar da su. Tace ka bar abin da ke tsakanin Hz 20 da 450. Idan bugun zuciya ya yi yawa, ɗaga na ƙasan zuwa 30, amma ka yi wa gwajin kwatance irin wannan tacewar. Lissafa RMS, wato ma'aunin matsakaicin girman siginar, a kan kowane kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa; wannan ɗan lokacin shi ake kira taga. Wajen cire hayaniyar hutu, ba debewa kai tsaye ake yi ba: ninka kowane adadi da kansa, debe na hayaniyar da aka ninka da kansa, sannan ka ɗauki tushen ragowar. Daga nan ka raba da ma'aunin kwatance.

Hanyar taƙaitawa da ta fi yaɗuwa ta Bengt Jonsson ce, masani ɗan ƙasar Suwidin, daga ƙarshen shekarun 1970. Jera adadin duka daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na matsayi na 10, na 50 da na 90 cikin 100. Na 10 shi ne nauyin da kusan ba ya sauka daga kan tsokar, na 50 matsakaici, na 90 ƙololuwa. Jonsson ya ba da shawarar na farko kada ya wuce kashi 2 zuwa 5 na iyakar ƙarfi, na biyu 10 zuwa 14, na uku 50 zuwa 70.

Kada ka ɗauki waɗannan a matsayin shingen lafiya. Daga baya an samu ma'aikata masu ciwon kafaɗa da nauyinsu bai kai nan ba. Bayanin da Göran Hägg ya kawo a 1991 shi ne ƙananan zaruruwan tsoka su ne ke fara aiki, su ne kuma na ƙarshen sauka, don haka ko aikin ba shi da nauyi, muddin tsokar ba ta saki gaba ɗaya ba, su ba su huta ba. Shi ya sa ake ƙirga gibin hutu ma. Kaj Bo Veiersted da abokan aikinsa a Norwe sun ƙirga duk lokacin da sigina ta sauka ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100 na iyakar ƙarfi har tsawon aƙalla daƙiƙa 0.2, a jikin mata masu shirya kaya a wata masana'anta, suka ga waɗanda gibinsu ya yi ƙaranci sun fi kamuwa da ciwon daga baya. Lissafa yawan gibin a minti, da jimillar lokacin hutun a matsayin kashi cikin 100 na lokacin aiki.

Wasu manhajoji za su ba ka matsakaicin mita a matsayin alamar gajiya, don yana sauka idan tsoka ta gaji. Wannan na da ma'ana ne idan tsokar na riƙe da nauyi ɗaya a tsaye ba motsi. A tsakiyar aiki mai kai da kawowa, tsawon tsoka da ƙarfinta na sauyawa kowane lokaci, mitar ma na bin su. In kana son awon gajiya, kwatanta gwajin miƙa hannu na safe da na yamma.

9. Cirewa da rubutawa

Ɓare ilektirod a hankali kana danne fata da ɗayan hannun, goge man, ka duba ko wurin ya yi ƙuraje. Ba a sake amfani da su ga wani. Idan za ka dawo ka sake auna mutumin, ɗauki hoton wurin da tef ɗin awo a jiki kafin ka cire.

A rahoto, rubuta irin ilektirod da faɗinsu, tazararsu, ainihin wurin liƙawa, yadda ka gyara fata, sunan na'ura, yawan samfuri a daƙiƙa, iyakokin matata, tsawon tagar RMS, gwajin kwatancen da ka yi, adadin hayaniyar hutu a ɗakin shiri da a bakin inji, da yawan mintunan da ka zubar da dalilin zubar da su. Idan ma'aikacin ya tambaye ka abin da ka gani, nuna masa nasa, ka bayyana masa cewa awon yana nuna yadda aikin ke ɗora wa tsokar nauyi ne, ba ya gano cuta. Mai ciwon da ya daɗe, ko wanda hannunsa ke sanyi ko jin kamar ana tsira masa allura, ka tura shi wurin likita.